Ƙaho a Ƙofar Gidan Surukina

Ku samarin sabon gidan rediyon nan da kuka same ni a benci bayan La'asar, kuka tambaye ni ko ya halatta a ambaci gaban namiji da na mace a iska, na ce ku ba ni lokaci. Amsa ina da ita tun a ranar. Ɗayanku ne ya fara dariya tun bai gama tambayar ba, ni kuwa ba na yin irin wannan magana da mai dariya. To, ga shi na zauna na rubuta. Rubutuna ba na 'yan makaranta ba ne, ku karanta da haƙuri.

Sunana Salifu. Daga Nima zuwa Mamobi har Kawukudi, duk unguwannin Zangon nan namu, in ka ce Salifu Mai-ƙaho za a nuna maka ni. Shela ce sana'ata tun kafin a haifi wasunku. Ku kuna zaune a ɗaki mai sanyi, an rufe ƙofa, ba ku ganin fuskar mai sauraronku. Ni wanda nake yi wa magana yana tsaye a gabana da bokitin ruwa a ka, kuma ya san gidanmu.

Aikin farko da na bi maigidana, Baba Garba, cigiyar yarinya ce, ranar kasuwar Nima. Baba Garba mutumin Damagaram ne, dogo, mai murya kamar daga cikin randa take fitowa. Kayan aiki a amalanke muke turawa: batirin mota, injin ƙara murya, makirfo da ya naɗe wa hankici saboda yawu, sai ƙahon lasifika ɗaure a kan gora. Ni ke turi, shi ke magana. Uwar yarinyar tana biye da mu, takalmi ɗaya a ƙafa, ba ta ma sani ba. Baba bai yi ihu ba. Ya sassauta murya kamar mai lallashi, ya faɗi kalar rigar, ya faɗi tabon da ke goshinta, ya kira sunan da ake kiranta da shi a gida. Ya yi da Hausa, ya maimaita da Tuwi, yaren Asante, saboda 'yan kasuwar da ba su jin namu. Kafin mu kai bakin babbar gota, magudanar ruwan unguwa, wata mai koko ta fito da yarinyar a goye, tana barci, bakinta duk sukari.

A hanyar komawa ya ce mini, "Murya uku ce a aikin nan. Ta biki da talla, wannan kowane wawa ya iya. Ta rasuwa, a miƙe take, ba ado, ba rawa. Ta cigiya ita ce mai wuya, don da ita kake roƙon mutum ya bar abin da yake yi saboda ɗan wani."

Na daɗe ina turi kafin ya bar ni in taɓa makirfo. Ranar da ya ba ni, na buɗe baki da Hausarmu ta Zango na ce, "Wani mata ya ɓatar da akuya." Ya fizge makirfo, ya ce, "Mace ce ko namiji ne? Zaɓi ɗaya!" Haka ya yi ta gyara mini baki kamar mai gyaran keke. Shi ya koya mini kada in sha ruwan ƙanƙara, in riƙa tauna citta da safe. Shi ya koya mini cewa kwanon rufin Nima yana mayar da murya, in ka yi sauri maganarka za ta ci karo da kanta a lungu. Shi ya koya mini kashe inji tun daga nesa in an kusa masallaci lokacin salla, ko gidan da ake zaman makoki. Ku da kuke ganin danna maɓalli ne kawai, ku gwada ɗaukar batirin mota a ka daga Nima zuwa wurin mai caji a Kawukudi, ruwansa na ɗiga yana cinye maka riga.

Shekarar yunwa, wadda aka koro mutane daga Legas, ita ce ta fi kowace muni. Ba biki, ba suna na kirki, ba mai tallar komai don ba abin sayarwa. Wuta ba ta zama, caji ya gagara. Aikin da ya rage shelar rasuwa ce, safe da yamma. Akwai ranar da batir ya mutu mana a tsakiyar Mamobi, Baba ya cire ƙahon daga gora, ya kafa baki a gindinsa, ya ƙarasa shelar da ƙirjinsa, ciki ba komai sai ruwan zafi. Masu gawar suka ba mu rogo, muka raba.

Bayan yunwar sai masu maganin gargajiya suka cika titi da kaset. Wani da ake kira Dokta Ɗan Legas yakan ajiye mota a bakin tashar torotoro, motocin hayan nan, ya saki kaset yana kiran gaban namiji da na mace da sunayen nan na tasha. Kun san su, ba sai na ɓata takardata ba. Yana kwatanta mai rauni da dafaffiyar taliya, samari na faɗuwa don dariya, mata na sauya hanya da tallarsu. Ya sayar da magani sosai, wannan ba ƙarya. Amma na lura da abu ɗaya: mai ciwon gaske ba ya zuwa kusa da motar nan. Wa zai tsaya a inda ake yi wa ciwonsa shewa? Dokta ya zo ya nemi Baba ya yi masa sabon kaset, don muryarsa. Baba ya ce, "Abin da ba zan iya faɗa a gaban surukata ba, ba ya shiga ƙahona. Kuma a unguwar nan kowace tsohuwa surukar wani ce." Ya juya ya ce mini in tura amalanke.

Daga baya na auri 'yarsa Memuna. Maigida ya zama suruki, kunya ta zama biyu. Da ƙarfinsa ya ragu ya bar mini kayan aiki, ni kuma na daina turi, na riƙa ɗaukar tsohuwar tasin wani Kofi muna ɗaura ƙaho a sama. Tun daga ranar na ɗaukar wa kaina al'ada: in mun zo lungun gidan Baba, sai in kashe inji mu wuce shiru. Ba shi ya sa ni ba. Almajirin sana'a ba ya ɗaga murya a ƙofar wanda ya koya masa, balle suruki. Duk unguwa ta san haka, har yara kan ce, "Salifu ya zo gidan Baba, ƙaho ya yi barci."

Wata rana Memuna ta ajiye mini tuwo, ba ta koma madafa ba. Ta tsaya tana gyara murfin kwano da ba abin da ya same shi.

Ta ce, "Inna ta ce Baba ya daina zuwa Juma'a."

Na ce, "Ƙafa ce?"

"Ba ƙafa ba ce. A zaune yake salla yanzu. An kai wa tela wandunansa ya ƙara musu faɗi. Shekaranjiya ya yi ta amai yana riƙe da mara, Inna ta ce a je asibiti, ya ce in ta sake maganar zai koma kwana a shago."

Ba ta faɗi sunan ciwon ba, ni ma ban faɗa ba. Na dai gane. Na tuna tun muna yawo tare yakan tsaya a bayan amalanke ya danna hannu a ƙasan cikinsa, in na duba sai ya ce in kula da hanya.

Ta ce, "Ni 'yarsa ce, ba zan iya ba. Yayyena suna Kumasi. Kai ne mai baki."

Na ce, "Memuna, ni ko ido ba na haɗawa da shi. Da wane bakin?"

Ta ɗauke kwanon miya ta tafi da shi, ban ma gama ba.

Ba a jima ba wata nas ta asibitin unguwa ta aiko a kira ni. Sista Ajuwa, 'yar Asante ce amma a Mamobi ta tashi, Hausarta ta Zango ce tsantsa. Ta ce likitoci za su zo su yi mako suna yi wa maza aikin gwaiwa da ƙaba, tana son shela. Na ce ba damuwa, zan ce masu ciwon maza su zo.

Ta kira ni da Massa, wato maigida, ta ce, "Massa Salifu, a'a. Wancan karo wani ya yi mana haka, ya ce ciwon maza. Ka san su wa ya zo? Samari da sababbin ango, kowa yana neman maganin ƙarfi. Masu ciwon ko ɗaya bai zo ba. Dole ka faɗa wurin. Ka ce maraina. Ka ce yana kumbura."

Na ce, "Anti, a ƙaho? In na faɗi haka gobe ba ni da unguwa."

Ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce hanji ne ke saukowa ta wata kafa ya shiga jakar maraina. Muddin yana komawa, mutum na lallaɓawa. Ranar da ya murɗe ya ƙi komawa, in ba a yi aiki da sauri ba, sai gawa. Ta ce, "Tsofaffinku suna zuwa mana ranar da ya riga ya ruɓe. Kai kana musu shelar rasuwa, kana cewa gajeriyar rashin lafiya. Ba gajere ba ne, Massa. Shekaru ne a cikin babbar riga." Na tambaye ta amai fa, da riƙe mara? Ta dube ni, ta ce, "Wane ne?" Na ce wani ne. Ta ce, "Wanin nan kada ya wuce wannan mako."

Daga nan wurin limamin masallacinmu na nufa, Malam Iddirisu, don ban so a ce na yi gaban kaina. Na yi ta kewaye-kewaye har ya gaji ya ce, "Salifu, maraina kake son cewa?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Jiya a nan na karantar da babin wanka da abin da ke karya alwala. Na ce azzakari, na ce farji, yara na zaune, dattawa na zaune, ba wanda ya tashi. Allah ne ya halicci wurin, kuma yana da suna. Abin da mutumin tasha ke yi daban ne, shi so yake a yi dariya. Kai ka nemi gafara tukuna, ka faɗi sunan da iyayenmu ke faɗa wa wanzami, kada ka yi lokacin cin abinci. Wanda ya yi maka magana ka turo shi wurina."

Ranar shelar na ce wa Kofi kowane lungu za mu tsaya, kuma tsayuwa iri ɗaya, kada wani wuri ya fi wani. Na zaɓi muryar rasuwa, don na san ita ce ba a yi wa dariya. Na ce:

"Salamu alaikum jama'a. Gafara iyaye, gafara malamai, maganar lafiya ce. Duk namijin da jakar marainansa ta kumbura, ko wani abu ke sauko masa daga mara zuwa maraina, ko yana komawa in ya kwanta ko ya daina komawa, wannan gwaiwa ce ko ƙaba. Ba jifa ba ne, ba alhakin kowa ba ne, ciwo ne, kuma ana aikinsa a warke. Likitoci maza za su duba, ranar Talata da safe, a asibitin unguwa."

Karon farko da kalmar ta fita daga ƙaho, sai ta bugi kwanon rufi ta dawo mini. Wata mai wake da shinkafa ta ja gyale ta rufe fuska. Yara suka fara ƙyalƙyala, suka ga babu babban da ya taya su, suka yi shiru. Daga wurin masu dara wani ya ɗaga murya, "Kai Salifu, yau me ka sha?" Na kusa da shi ya ce, "Yi wasanka, ba da kai ake ba. Ko da kai ake?" A Mamobi wani tsohon Bazabarme mai sayar da yadi ya biyo motar, ya leƙo ta taga kamar zai gaishe ni, ya ce a hankali, "Wani abokina ne ke tambaya, yanka ne ko allura?"

Muka iso lungun Baba. Kofi ya rage gudu kamar kullum yana jiran in kashe inji. Da ya ga ban kai hannu ba ya ce, "Massa, gidan Baba ne o."

Na ce, "Na sani. Tsaya."

Na fita na juya ƙahon ya kalli wajen gota, don kada a ce ƙofarsa na auna. A lungu irin wannan duk inda ka juya murya za ta shiga kowane ɗaki. Na yi shelar daga farko har ƙarshe, ban rage ko kalma ba, ban ƙara ba. Labulen tagarsa bai motsa ba.

Washegari Inna ta faɗa wa Memuna cewa Baba na nemana bayan La'asar. Na cire takalmi tun daga zaure, na durƙusa a bakin ƙofa, idona a kan tabarma. Yana kan kujera, ya baza babbar riga a gwiwa, rediyo a gefe a kashe.

Ya ce, "Jiya ka wuce."

"Na wuce, Baba."

"Makunnin injin ne ya lalace?"

"Lafiyarsa lau, Baba."

Na riga na shirya ya ce in ajiye masa ƙahonsa.

Ya ce, "Wa ya koya maka yin shelar asibiti da muryar rasuwa?"

Na ce na ji tsoron dariya ne.

"Dariya ba ta kashe kowa. Mai irin wannan ciwo tsoro ya riga ya cika masa ciki, sai kuma ya ji ka kamar kana kiran mutane jana'izarsa? Wannan cigiya ce, Salifu. Mutum ne ya ɓata a cikin ɗakinsa, ana nemansa. Gobe ka sake, ka sassauta."

"To, Baba."

"Kalmomin ba laifi. Ba ka yi irin na ɗan tasha ba." Ya gyara rigar a gwiwarsa. "Amma ka yi gaggawa wurin faɗin rana. Wanda aka ambaci ciwonsa kunnensa kan toshe na ɗan lokaci, ba ya jin abin da ya biyo baya. Wace rana ma ka ce?"

"Talata, Baba. Da safe."

"Kofin nan naka yana da aiki ranar Talata?"

"Ba shi da shi."

"To ya zo. Ya sauke ƙahon daga kan motar tukuna."

Washegari na sake zagaye unguwa da muryar cigiya, na ja ranar da wurin a hankali, na maimaita. Gaskiyarsa ce, masu leƙo taga sun fi na karon farko.

To ga amsarku, samari. Ana faɗa. In akwai wanda rashin faɗar zai cutar, ku faɗi sunan wurin na gaskiya, wanda malami ke faɗa a karatu, wanda uwa ke faɗa wa ungozoma, ku nemi gafara, ku wuce. Kada ku ce "abin nan" ko "ƙasa-ƙasa", mai ciwo zai ɓuya a bayan kalmar. Na tasha kuwa ku bar wa tasha, don in kun sa an yi dariya, wanda kuke nema shi zai fara kashe rediyo. Kuma kafin ku buɗe baki, ku sa fuskar mutum ɗaya a gabanku, wanda kuke jin kunya, wanda ba ku so ya mutu. Injinku ya fi nawa nesa ba kusa ba, yana shiga ɗakunan da ƙahona bai taɓa kaiwa ba. Shi ya sa nake jin tsoron dariyar ɗan'uwan nan naku.

Ranar Talata Kofi ya zo da mota ba ƙaho. Baba ya zauna a gaba, ni da Memuna a baya. A barandar asibiti benci ya cika da maza, kowa na kallon takalminsa. Ga Bazabarmen nan mai yadi, ga mutumin da ya ce me na sha. Da suka ga Baba Garba sai suka matsa masa wuri, aka gaisa kamar a masallaci aka haɗu, aka yi maganar tsadar siminti.

Sista Ajuwa ta kira sunansa. Ta dube ni sau ɗaya. Na riƙe masa hannu har ƙofar ɗakin likita, wani matashi ɗan arewa mai jin Hausa. A nan Baba ya zare hannunsa.

Ya ce, "Koma, Salifu. Naka ya ƙare a nan."

Na koma benci. Bangon ɗakin falanki ne, bai kai sama ba. Na ji likita ya ce, "Baba, me ke damunka?" Sai muryar nan da ta taɓa cika Mamobi ba batir ta fito ƙasa-ƙasa, a hankali, kalma bayan kalma. Ya faɗi wurin, ya faɗi tun yaushe.

Memuna tana can ƙarshen baranda wurin mata, ba ta jiyowa. Ta taso ta zo kusa da ni, ta ce, "Ya faɗa?"

Na ce, "Ya faɗa."

Ta zauna a ƙasa a wurin, ta ja gyale ta rufe kai.

A makon aka yi masa aiki. Likita ya ce wa Inna an zo a kan gaɓa. Juma'ar da ya fara fita da ƙafarsa, sahun gaba ya shiga, ya kai goshinsa ƙasa tare da kowa. Ni ina can baya inda suruki ke tsayawa. Da aka sallame ya wuce ta gabana, na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambaye ni yara.